Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Mu Ƙera Kibod Mai Jin Hausa

Duk shekara in zangon ƙarshe ya kama, kasuwar furojet takan buɗe. 'Yan ND II da HND II su shiga zarya, wannan yana neman inbata, wancan yana neman na'urar da ke kashe famfo in tanki ya cika, wani kuma fitilar titi mai kunna kanta da magariba. Ba ɓoyayyen abu ba ne yadda da yawa daga cikin ayyukan nan suke samuwa. A yi karo-karo a kai wa mai shago a cikin gari, ya haɗa, ya rufe a akwatin roba, a karɓo ana gobe difens. Malami ya nuna waya ɗaya ya ce, "Wannan ina ta nufa?" sai ka ga mutum biyar suna kallon silin. An ci maki, an karɓi takarda, amma hannu bai ɗauki komai ba.

Shawarata ga ɗaliban sashen kwamfuta da na lantarki ita ce mu gwada wani aiki dabam: mu ƙera kibod da hannunmu, irin rababben nan mai ɓari biyu, mu zuba masa manhajar cikinsa da kanmu, sannan mu koya masa buga ɓ da ɗ da ƙ. Na san wani zai ce, "Mi za mu yi da wanga abu, ga kibod nan tuli a kasuwa?" To, a ba ni aron kunne.

Abin da ake nufi da rababben kibod

Kibod ɗin da muka saba da shi ya gaji siffarsa ne daga tafireta. Jerin QWERTY ya fito kasuwa a Amurka tun 1874 a kan injin da kamfanin Remington ya ƙera, kuma karkacewar layukan maɓallai ta samo asali ne daga sandunan ƙarfen da ke cikin injin, don kada su ci karo. Sandunan sun tafi, karkacewar tana nan. Shi ya sa mai buga rubutu yake matse hannuwansa wuri ɗaya, wuyan hannu a lanƙwashe. Ka leƙa shagunan buga takardu na Bodinga ko Shagari lokacin rajistar jarabawa, ka tambayi wanda ya wuni yana bugawa yadda kafaɗarsa take ji da dare.

Rababben kibod ɓari biyu ne, ɗaya na hannun dama, ɗaya na hagu, kowanne ka ajiye shi daidai faɗin kafaɗarka, 'yar waya ta haɗa su. Akwai sanannu da masu su suka saki zanensu kyauta, kamar Corne mai maɓalli 42, da Lily58 mai 58, da ErgoDox. Kowane maɓalli yana da makunninsa mai zaman kansa da sifirin a ciki, saɓanin na kasuwa mai shimfiɗar roba guda a ƙasa. In ɗaya ya lalace sai ka narkar da dalma ka cire shi ka sa wani. Na roba kuwa in harafi ɗaya ya mutu, yawanci sai bola.

Kowane ɓari yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, wato ɗan allon nan mai cif guda da ake iya rubuta wa umarni. Umarnin da ke zaune a cikin cif ɗin, wanda yake farkawa da zarar wuta ta shiga, shi ake kira famwaya. Masu gyaran waya sun san ta, ita suke sabuntawa in sun ce za su yi wa wayarka filashin. A wurina nan ne ainihin karatun yake. Haɗa waya da dalma kwana biyu ya isa mutum ya iya. Famwaya ce take raba wanda ya fahimci abin da ya ƙera da wanda ya kwafa kawai.

Abin da famwaya take yi

Ɗauki ɓari ɗaya mai maɓalli 21. Cif ba shi da ƙafafun da za a ba kowane maɓalli tasa, don haka ake saƙa su kamar raga: layi 4 a kwance, layi 6 a tsaye, ƙafa 10 ke nan kacal. Famwaya tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, tana duba inda na kwance ya haɗu da na tsaye. Inda ta ga haɗuwa, nan aka danna.

Ragar tana da aibi ɗaya. In ka danna maɓallai uku da suka zauna a kusurwa uku na murabba'i, wuta takan zagaya ta baya, cif ya ɗauka an danna na huɗu alhali ba a taɓa shi ba. Fatalwar harafi ke nan. Maganinta dayod ɗaya a ƙafar kowane maɓalli, irin 1N4148 ɗin nan da masu gyaran rediyo suke da shi a gwangwani, don wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Sannan ƙarfen cikin makunni ba ya haɗuwa tsaf a bugu ɗaya, yakan yi 'yar rawa kafin ya zauna. In famwaya ba ta jira ba, ka danna k sau ɗaya ka ga kkk. Shi ya sa ake sa ta dakata kamar kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ta yarda an danna. Duk wannan mun ji shi a aji da sunaye masu nauyi. A nan za ka gan shi da idonka, kuma in ka yi kuskure allon kwamfuta ne zai tona maka asiri nan take.

Ba sai ka rubuta komai daga tushe ba. Akwai QMK, famwaya ta kyauta wadda ta tsiro daga wata tsohuwa mai suna TMK, an rubuta ta da yaren C, kuma lasisinta ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rabawa. Akwai ZMK ga mai son kibod marar waya, akwai KMK ga wanda ya fi sabawa da Python. Ga mai farawa, QMK ta fi yawan bayani da misalai.

Wajen cif kuwa, an daɗe ana amfani da Pro Micro mai ɗauke da ATmega32U4. Ma'ajiyarsa kilobayit 32 ce, kusan 4 daga ciki sun tafi ga ɗan shirin da ke karɓar filashin, saura kamar 28. In ka cika kwaɗayin ƙari, fitilu da ɗan allon nuni da sauransu, sai wuri ya ƙare. Raspberry Pi Pico mai cif RP2040, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4, yana da megabayit 2, kuma zuba masa famwaya ya fi sauƙi: ka riƙe ɗan maɓallin BOOTSEL, ka soka USB, ya bayyana kamar filash, ka jefa masa fayil. Pro Micro kuwa sai ka taɓa ƙafar RST da GND, kana da kamar daƙiƙa 8 kafin ƙofar ta rufe.

Tsarin aikin a taƙaice haka yake. Kafin ka kunna ƙarfen dalma, zana ragar a takarda, ka rubuta ƙafar cif da kowane layi zai shiga. Ka sauke QMK a kwamfuta. Ka buɗe sabon kibod da umarnin qmk new-keyboard, ka cike fayil ɗin keyboard.json da lambobin ƙafafu, da inda dayod suka fuskanta, da ƙafar da ɓari biyun za su yi magana ta kanta. A keymap.c kake faɗin abin da kowane maɓalli zai yi. Sai qmk compile ya harhaɗa, qmk flash ya zuba. Ɓari biyun duk sai an zuba musu, kuma sai an gaya wa kowanne wane ne shi, dama ko hagu. Ana iya ƙayyade cewa kullum na hagu ne ake soka wa USB, ana iya rubuta wa kowanne hannunsa a ma'ajiyar cif, ana kuma iya ware ƙafa ɗaya ta zama shaida.

In abu ya ƙi, alamarsa takan nuna inda cutar take. Kwamfuta ba ta ga allon ba sam? Fara da wayar USB, don kasuwanninmu cike suke da wayoyin caji zalla waɗanda ba sa ɗaukar bayani. An ga allon amma ba maɓallin da ke aiki? Duba ko ka rubuta fuskar dayod a juye. Layi guda ya mutu gaba ɗaya? Waya ta tsinke ko lambar ƙafa ba daidai ba. Maɓalli ɗaya tak? Dayod ɗinsa a juye yake ko dalma ba ta kama ba. Hannun dama yana buga haruffan hagu? Ɓari biyun ne ba su san kansu ba. Gargaɗi ɗaya kuma da ya kamata a rubuta da jan biro: wayar da ke haɗa ɓari biyun, mai kai irin na iyafis, tana ɗauke da wuta. In ka zare ta ko ka soka ta alhali USB yana jiki, bakinta yakan goga inda bai kamata ba ya ƙone ƙafar cif. Cire USB tukuna, kullum.

Inda Hausa ta shigo

Ga wani abu da da yawa daga cikinmu ba su sani ba: kibod bai san harafi ba. In ka danna A, abin da yake aika wa kwamfuta lamba ce, 4. Kwamfutar ce take duba tsarin harshen da aka saita mata ta ce lamba 4 tana nufin a. Kai wannan kibod ɗin kan kwamfutar da aka saita da tsarin Faransa, irin wadda za ka tarar a Maraɗi ko Ƙonni, lamba 4 ɗin nan q za ta fito. A jerin lambobin nan babu gurbin da aka ware wa ƙ.

Tun shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka shiga rubutun boko na Hausa, da su Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi ta fitowa bayan kafa ta a Zariya a 1939. Yau fa? Duba katin biki, duba allon shago, duba sanarwar da ake liƙawa a hostel. Fada da faɗa sun zama ɗaya. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, gada da gaɗa, bari da ɓari, duk an cakuɗa. Kai da ka tashi da harshen za ka gane daga ma'anar zance. Ƙanenka da ke aji uku a firamare fa, wanda yanzu yake koyon haɗa baƙi? Da baƙon da ke koyon Hausa? Da manhajojin fassara da na karanta rubutu, waɗanda suke koyo daga abin da muka rubuta? Duk wanda ya taɓa ganin an rubuta karya inda ake nufin ƙarya ya san abin ya wuce wasa.

An yi ƙoƙari a baya. A shekarun 1980 an tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Najeriya don tafireta da ɗab'i. Daga baya wani kamfani na 'yan Najeriya ya fito da kibod mai suna Konyin don harsunan ƙasar. A tsarin Unicode da duniya ke amfani da shi, kowane harafinmu yana da lambarsa: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma 0181 da 018A da 0198. Har ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa inda mu muke sa 'y tana nan a 01B4. Haruffan suna nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne su zo ƙarƙashin yatsa ba tare da wahala ba.

A nan QMK take da abin da ake kira hawa. Maɓalli 42 ba za su ɗauki komai a fili ɗaya ba, don haka ake jera su kamar bene. Hawa na ƙasa haruffa, ka riƙe wani maɓalli da babban yatsa ka hau na lambobi, ka riƙe wani ka hau na alamomi. Me zai hana mu gina hawan Hausa? Babban yatsa ya riƙe, ka taɓa K ta fito ƙ, ka taɓa D ta fito ɗ, ka taɓa B ta fito ɓ. Ba neman harafi a cikin jerin alamomi, ba kwafowa daga intanet.

Hanya biyu ce. Ta farko, famwaya ta buga lambar Unicode da kanta cikin ƙiftawar ido. A Linux wannan yakan yi aiki kai tsaye a yawancin manhajoji, a Mac sai an zaɓi tsarin shigar da lambobin, a Windows kuma an fi dogara da 'yar manhajar kyauta mai suna WinCompose. Ta biyu, a kunna tsarin Hausa da Windows ta zo da shi, famwaya kuma ta ɗauko maɓallan da haruffan suke ta kawo su inda yatsa ya fi so. Kowacce tana buƙatar ɗan saiti a kwamfutar da za a soka kibod ɗin. Gwada hanyoyin biyu a kan kwamfutoci daban-daban, a auna wadda ta fi sauri da ƙarancin kuskure, wannan kaɗai ya isa babi na huɗu na furojet mai ma'ana.

Masu ja suna da hujja

Hujja ta farko: tunda Windows tana da tsarin Hausa, Gboard ma a waya yana da shi, ina amfanin wahalar? Gaskiya ne, wanda burinsa buga ƙ kawai, ya je ya kunna saitin yau ɗin nan, kyauta ne, kuma ina roƙon kowa ya yi. Amma mu ɗaliban fasaha ne. An kawo mu nan ne mu iya ƙera abin da wasu za su kunna. Karanta makunni, kashe rawar ƙarfe, sa cif biyu su yi magana ta waya ɗaya, magana da kwamfuta ta USB, zuba famwaya a gyara a sake zubawa, su ne dai abubuwan da ke cikin na'urar POS, da mitar wuta ta kati, da na'urar cajin batirin sola, da abin da zai iya kunna injin ban ruwa a gonakin da ke kusa da madatsar Shagari. Kibod makaranta ce mai arha wadda kuskure a cikinta ba ya kashe kowa, saɓanin inbata mai wuta 220.

Ta biyu: kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, makunnai da cif sai an yi oda, kuma kowa ya san halin da naira take ciki. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rukunin mutum biyar da suke haɗa kuɗi su kai wa mai shago za su iya haɗa shi su sayi kaya. Ba dole sai makunnin Cherry na Jamus ba, akwai na Gateron da Kailh daga Sin masu sauƙin kuɗi. Ba dole sai an buga allon da'ira a waje ba, ana saƙa ragar da hannu da siririyar waya. Farantin da makunnai za su zauna, masu yanka robar allon talla za su iya fitar da shi, ko 'yan sashen kanikanci su yanka a falle. Gidan kuma kafinta ya yi da katako, baduku ya lulluɓe da jar fatar akuyar Sakkwato da duniya ta san da ita. Don gwajin farko ma, ƙananan maɓallan cikin mataccen rediyo ko DVD sun isa a koyi famwaya da su.

Ta uku: wa zai saya? Ba na cewa gobe za mu buɗe masana'anta. Amma ga buƙata ɗaya a fili. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma an tsara ta yadda maɓallai kaɗan sun isa: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, da 'yan kaɗan. Yara nawa ne daga ƙauyukan Bodinga da Shagari suke fara ɗora yatsa a kan kibod a ranar jarabawar? Wanda ya iya famwayar maɓalli 42, ƙera ɗan allo mai maɓalli 8 ko 9 don atisaye a makarantun sakandare aikin yini ɗaya ne a wurinsa. Ga masu shagon buga takardu da ke buga katin biki da wasiƙu da Hausa, ga malaman Hausa masu shirya takardun jarabawa.

Ta huɗu: ƙura. Hunturunmu ba ya raga wa na'ura. To, wannan ai tambayar bincike ce. Wane irin gida ne zai kare makunni daga ƙurar Sakkwato? In ƙura ta sa harafi yana maimaituwa, nawa za a ƙara wa lokacin jira a famwaya kafin bugu ya fara nauyi? Wanda ya zana Corne a Japan bai zauna da wannan matsalar ba. Mu ne muke da ita, mu ya kamata mu amsa.

Kira ga ƙungiyarmu

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga yin kayan rubutu da hannu. Lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Bodinga, littattafan da aka rubuta aka kwafa a wuraren nan da alƙalamin kara aka yi su, da tawadar da aka dafa a gida. Har gobe almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa daidai hannunsa, ba ya jiran a kawo masa daga waje. Kibod shi ne alƙalamin zamaninmu, bai kamata a ce duk cikinmu ba mai iya fiƙe shi ba.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da abu huɗu. Na ɗaya, a kafa ɗan kulob na masu ƙere-ƙere, a nema masa awa biyu a mako a ɗakin gwaji, da ƙarfen dalma da mita. Na biyu, a yi odar kaya a dunƙule sau ɗaya a zango don kuɗin aikowa ya ragu, a sauke QMK a kwamfuta ɗaya ta kulob don kada kowa ya ƙone datarsa. Na uku, a zauna da shugabannin sassa a roƙi su karɓi irin wannan aiki a matsayin furojet na haɗin gwiwa tsakanin kwamfuta da lantarki da kanikanci, da sharaɗin cewa ranar difens malami zai ce a canza aikin maɓalli ɗaya, ɗalibi ya gyara fayil ya zuba a gaban kowa. Wanda ya sayo ba zai tsallake wannan ba. Na huɗu, duk tsarin Hausa da aka gina a sake shi kyauta da bayani cikin Hausa, don 'yan baya su ɗora daga inda aka tsaya, kada ya ruɓe a kabad ɗin sashe.

'Yan mata, wannan aiki ba ya son ƙarfin damtse, natsuwa yake so, kada ku bar wa maza. 'Yan ND I, ba sai kun jira shekarar ƙarshe ba. Cif ɗaya, maɓalli uku, dayod uku: ɗaya ya buga ɓ, ɗaya ɗ, ɗaya ƙ. Ku fara da wannan a hutun da ke tafe, in ya yi aiki ku kawo mu gani. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya.